Na Ci Alewar Wiwi Bayan Rasuwar Mahaifina, Yanzu Fom Ɗin Gwamnatin Amurka Yana Tambayata

Assalamu alaikum, Yaya. Don Allah a sakaya sunana. Shekaruna 33, ina zaune a jihar Maryland ta Amurka da matata da 'ya'yanmu biyu, kuma na zama ɗan ƙasa a 2020. Sana'ata tsaron na'urorin kwamfuta. Wani kamfani mai kwangila da Ma'aikatar Tsaro ya ɗauke ni aiki, albashin ya kusa ninka wanda nake karɓa, amma da sharaɗin sai na samu kiliyarans, wato izinin ganin bayanan sirrin gwamnati, a matakin da ake kira Secret. An turo mini fom mai suna SF-86, ina cikawa har na iso tambayar ƙwayoyi, sai hannuna ya tsaya.

A ƙarshen 2023 mahaifina ya rasu a Zariya, ban samu jana'izarsa ba. Barci ya ƙaurace mini. Wani abokin aiki ya ce in gwada alewar wiwi tunda jiharmu ta halatta. Na shiga shago mai lasisi, suka duba katin tuƙina, na saya. Na ci kamar sau ashirin cikin shekara guda. Yau wata goma ke nan da na daina, na kuma tuba. Matata ba ta sani ba. Aminina ya ce in rubuta "a'a" kawai, wai Allah ya rufa mini asiri kada in tona wa kaina, kuma ai dokar jiha ba ta hana ba. Ina tsoron in faɗi gaskiya in rasa aikin. Ina kuma tsoron masu bincike su kai maganar ga mutanen masallacinmu har ta isa kunnen Hajiya a gida. Yaya zan yi?

Ƙaninka, daga Maryland

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa, ya ba ku haƙurin rashi. Wanda bai taɓa samun labarin mutuwar uba yana ƙasar wasu ba, ba zai gane nauyin abin da ka ɗauka ba. Waya ta yi ƙara da tsakar dare, kafin gari ya waye maka an riga an kai shi makwancinsa, kafin ka samu tikitin jirgi an yi sadakar uku, kai kuma da safe ana jiranka a ofis kamar ba abin da ya faru. Ba na wanke abin da ka yi, kai ma ba ka wanke kanka ba, amma na ga inda ƙafarka ta zame, na kuma ga ka tashi da kanka. Wannan tashin shi ne jarinka a duk maganar da za mu yi.

Amsata ita ce ka rubuta "eh". Ba na cewa haka don gaskiya tana da daɗin faɗi a baki. Ina faɗa ne don a wannan harkar wiwin da ka ci yana da magani, ƙaryar da aminin naka yake ba ka shawara kuwa kusan ba ta da shi.

Mu fara da abin da ya rikita ka, wato halattawar jiha. Gaskiya ne tun ranar 1 ga Yuli 2023 baligi zai iya sayen wiwi a shago a Maryland ba wanda zai kama shi, kamar yadda Colorado da jihar Washington suka buɗe ƙofar tun 2012. Amma Amurka doka biyu take tafiya da su, ta jiha da ta tarayya, kuma kiliyarans kayan tarayya ne. Dokar tarayya ta ƙwayoyi ta 1970 ta sa wiwi a rukuni na ɗaya, rukunin da ya fi kowane tsanani. A 2024 Ma'aikatar Shari'a ta gabatar da shawarar a sauke shi zuwa rukuni na uku, sai dai kada wannan ya ruɗe ka, domin rukuni na uku na magungunan da ake bayarwa da takardar likita ne, bai buɗe wa kowa hanyar ci don neman barci ko nishaɗi ba. Saboda haka a idon mai tantance ka, abin da ka saya a shago mai lasisi da rasit a hannu har yanzu ƙwaya ce da doka ta hana. Sashe na 23 na fom ɗin yana tambayar shekaru bakwai da suka wuce, kuma ya faɗa ƙarara cewa da dokar tarayya ake amsawa ko da jiha ta yarda. Alewa, hayaƙi, mai, duk hukuncinsu ɗaya.

To, idan ka rubuta "eh", me zai faru? Masu yanke hukunci suna aiki da wata ƙa'ida da ake kira SEAD 4, wadda ta fara aiki a 2017. Tana da babi goma sha uku, daga bashi zuwa giya zuwa alaƙa da ƙasashen waje, kuma babin ƙwayoyi shi ne mai harafin H. A Disamba 2021 shugabar hukumomin leƙen asirin Amurka ta lokacin, Avril Haines, ta fitar da takardar ƙarin bayani cewa shan wiwi a baya abin dubawa ne, amma shi kaɗai ba ya yanke wa mutum hukunci. Ana auna mutum ne gaba ɗayansa: yaushe ya sha, sau nawa, a wane hali, ya daina ko bai daina ba, kuma akwai alamar zai koma? Ka ɗora labarinka a kan wannan sikeli. Ba ka riƙe da kiliyarans lokacin da ka ci. Ba ka sayar ba, ba a kama ka ba. Abin yana da mafari sananne, mutuwar uba, yana kuma da ƙarshe da kai ka sa masa tun kafin ka san wannan aiki zai zo. Waɗannan duka suna gefenka.

Ba zan ɓoye maka abin da ke ɗaya gefen ba. Wata goma ba dogon zango ba ne a wurinsu. Sau ashirin ya wuce ɗanɗano. Kuma ba ɗalibi ɗan shekara sha tara ba ne ya yi, magidanci ne mai iyali. Ƙa'idar ba ta yanke adadin watannin da za a ce sun isa ba, kowace hukuma da nata tsaurin, hukumar binciken laifuka ta tarayya, FBI, alal misali tana son shekara guda cif ba wiwi kafin ma ka nemi aiki a wurinta. Don haka yana yiwuwa a hana ka izinin wucin gadi da ake ba wasu su fara aiki kafin bincike ya kammala, yana yiwuwa a kira ka ganawa, kuma babu mai iya yi maka rantsuwa cewa za a ba ka. Abin da doka ta toshe gaba ɗaya, tun gyaran da aka yi mata a 2008, shi ne ba da kiliyarans ga wanda yake kan sha a halin yanzu ko wanda ƙwaya ta kama. Kai ba ka cikin waɗannan, muddin ba ka koma ba.

Yanzu dubi hanyar "a'a". A ƙarshen fom ɗin za ka sa hannu cewa duk abin da ka rubuta gaskiya ne, kuma an rubuta maka a wurin cewa ƙarya da gangan laifin tarayya ce mai ɗaurin da zai iya kai shekara biyar. Ba kowa ake gurfanarwa ba, amma ba kurkuku ne kaɗai asarar ba. Akwai babi na daban, mai harafin E, da ke duba amanar mutum, kuma ƙarya a kan fom tana cikin abubuwan da suka fi wuyar wankewa a can. Ofishin da ke sauraron ƙarar ma'aikatan kamfanonin kwangila, DOHA, yana wallafa hukunce-hukuncensa a intanet ba tare da sunaye ba. Ka zauna ka karanta guda goma na babin H da E a daren Asabar. Za ka yi ta cin karo da labari iri ɗaya: alƙali ya ce maganar wiwi ta wuce tunda an daɗe da dainawa, amma ɓoyewar da aka yi ba ta wuce ba, sai a hana.

Kada kuma ka ɗauka ba mai sani. Abokin aikin da ya nuna maka hanya ya sani. Aminin naka ya sani. Shagon ya duba katinka. Mafi girma, kiliyarans ba jarrabawar rana ɗaya ba ce. Ana ci gaba da bibiyar mai riƙe da shi, kuma a sana'arka, a jihar da hedikwatar hukumar leƙen asirin sadarwa ta NSA take a Fort Meade, bayan shekara uku ko huɗu wani zai ce maka ga babban aiki amma sai Top Secret, matakin da ke sama da Secret, wataƙila har da zama a gaban na'urar gano ƙarya. A ranar za a ajiye tsohon fom ɗinka kusa da sabo. Ko ka sake ƙaryar, ko ka amsa cewa ka yi ta farko, kuma a lokacin kana da bashin gida da kuɗin makarantar yara da ka ɗora a kan albashin. An gudu gara an faɗa gidan zago ke nan.

Aminin naka ba maƙiyinka ba ne, kada ka riƙe shi a zuci. Yana son ka samu aikin, kuma maganarsa ta rufin asiri tana da tushe a addini: an hana bawa ya kwana Allah ya suturta shi, ya wayi gari yana shelar zunubinsa a majalisa. Sai dai abin da ke gabanka daban ne. Ba wanda ya tilasta maka neman wannan aikin. Kai ka je ka ce a ba ka amanar sirrin ƙasa, su kuma suka ce sharaɗinmu ka amsa waɗannan tambayoyi da gaskiya ka sa hannu. Idan ba ka son amsawa, ƙofar fita a buɗe take, kana iya janyewa da asirinka a rufe. Abin da ban ga hanyarsa ba shi ne ka karɓi amana da shaidar ƙarya, sannan ka ciyar da 'ya'yanka da albashinta. Idan zuciyarka tana son ƙarin natsuwa, ka tambayi malamin da ka yarda da iliminsa, ba sai ka ce kai ne ba.

Tsoron mutanen masallaci kuma, na fahimce shi sarai, domin na san yadda magana take tashi daga Maryland da la'asar ta kwana a Zariya. Amma aikin mai bincike tambaya ne, ba a aike shi yaɗa labarinka ba. Abin da ka rubuta yana ƙarƙashin dokar kare bayanan mutane ta 1974. Jami'in tsaro na kamfaninku, wanda ake kira FSO, zai iya duba fom ɗin don ya tabbatar an cika shi daidai, amma ƙa'ida ta hana shi kai abin da ya gani ga manajanka ko amfani da shi a wani abu daban. A matakin Secret ma yawancin binciken na takardu ne da rumbunan bayanai, zagayen maƙwabta da abokai ya fi yawa a Top Secret. Fom ɗin zai nemi sunayen mutum uku da suka san ka sosai, kai za ka zaɓe su. Idan an tuntuɓe su, tambayoyi ne na gama-gari da ake yi a kan kowa. In an kira ka ganawa, mutum ɗaya ne zai nuna maka katin shaidarsa, ku zauna a ƙaramin ɗaki, ya buɗe fom ɗinka shafi bayan shafi, ya tambaye ka yaushe, sau nawa, da wa, me ya sa, za ka sake? Ya ji irin labarinka ba adadi, ba zai ɗaga gira ba.

A cikin tambayoyinsa akwai guda da nake so ka shirya mata tun yanzu, ita ce ta kawo ni kan uwargidanka. Zai iya ce maka: iyalinka sun sani? Ba tsegumi ya sa shi tambaya ba. Abin da gwamnati take tsoro shi ne mai riƙe da sirrinta ya kasance yana da wani ɓoyayyen abu da za a iya matsa masa da shi, a ce ko ka ba mu kaza ko mu gaya wa matarka. Babin E ya ambaci wannan a fili. Ga Ba'amurken da iyayensa ma suka sha a zamaninsu, wiwi ba abin matsawa ba ne. Ga kai kuwa, da ka rubuto mini cewa kana tsoron kunnen Hajiya kamar yadda kake tsoron rasa aikin, kunyar ita kanta igiya ce da wani zai iya ja. Ranar da matarka ta sani daga bakinka, igiyar ta tsinke.

Ban da maganar aiki ma, ka tuna ita ce ta kwana kusa da kai a waccan shekarar. Ta ga kana juyi har asuba, ta ga shirun da ka shiga, wataƙila ta zargi kanta, wataƙila ta zargi wata mace. Ba na cewa addini ya wajabta maka faɗa mata, kuma kai ka fi ni sanin halinta. Idan kana da dalili mai ƙarfi na ganin maganar za ta rusa gidan, ka tsaya ka nemi shawarar babba mai riƙon sirri tukuna. Amma in dai mace ce mai hankali da ta ɗauki ɗawainiyarka lokacin makoki, ina ganin ta cancanci ta ji. Bayan sallar isha'i, yara sun yi barci, ka ajiye waya, ka fara da Baba kafin ka zo kan alewar. Ka ce mata lokacin nan na kasa, na yi abin da nake jin kunyarsa, na daina wata goma, kuma ina so ki ji daga gare ni. Za ta iya yin kuka, za ta iya yin fushi na kwana biyu, musamman a kan cewa abin ya shiga gidan da ƙananan yara suke, kuma yana kama da alewa. Wannan fushin haƙƙinta ne, kada ka kare kanka. Hajiya kuwa ka bar ta da addu'arta. Babu abin da sanin zai ƙara mata sai baƙin ciki, kuma ba wanda ke neman ka gaya mata.

Kafin ka taɓa fom ɗin, ɗauki takarda da biro ka rubuta wa kanka tarihin abin: watan da ka fara, watan da ka daina, kimanin adadi, inda ka saya. Duba bayanan bankinka da saƙonnin waya don kwanakin su daidaita, domin abin da ka rubuta shi za ka maimaita a ganawa, saɓani kuma yana jawo zargi. Inda ba ka tuna daidai ba, fom ɗin ya yarda ka nuna cewa ƙiyasi ne. Kada ka rage ashirin ta koma biyar. A gurbin bayani ka yi gajeren zance: rasuwar mahaifi, rashin barci, ka daina, ba ka da niyyar komawa. Akwai tambaya a kan niyyar sha nan gaba, amsarta "a'a" ce tsantsa, ba tare da "sai dai in tarayya ta halatta" ba. Ƙa'idar ta kuma ambaci abubuwan da ke sassauta hukunci, biyu daga ciki suna hannunka yau: ka nisanci masu sha da wuraren sha, sannan ka rubuta takardar alkawari da sa hannunka cewa ka bar ƙwaya, ka kuma yarda a ƙwace izinin in ka koma. Idan akwai saura a aljihun mota ko bayan kabad, ka rabu da shi. Ka guji man CBD, wanda ake tatsowa daga tsiron wiwi, da ake sayarwa a kantuna, domin wani yana ɗauke da sinadarin THC, mai sa maye a wiwi, fiye da abin da aka rubuta a kwalba, kuma gwajin fitsari ba ya jin uzuri. Hannun jari kai tsaye a kamfanin wiwi ma takardar 2021 ta yi gargaɗi a kansa.

Ina ba ka shawara ka biya kuɗin zama na awa ɗaya da lauyan da ya ƙware a harkar kiliyarans kafin ka tura. Ni ba lauya ba ne, kuma shi zai ga takardunka da idonsa. Shi ne kuma zai taimaka maka a kan zaɓi na biyu, wato jira. Kana iya tambayar jami'in tsaron kamfanin ko akwai gurbin da ba ya bukatar izini da za ka fara da shi, ko ka bar wannan damar ta wuce ka nemi irinta bayan ka cika shekara ɗaya da rabi ko biyu da dainawa. Janyewa kafin a yanke hukunci ba hanawa ba ce. Hanawa kuwa tana bin mutum, fom na gaba zai tambaye ka ko an taɓa hana ka, kuma ma'aikacin kwangila yakan jira shekara guda kafin a sake duba shi, kodayake kafin a kai ga haka ana ba shi dalilai a rubuce da damar kare kansa. Da ni ne, zan nemi a ɗan ja lokaci har wata goman nan su zarce shekara, in kamfanin zai iya haƙuri, sannan in tura da gaskiyata. In ba zai iya ba, in tura yanzu da gaskiyata, kuma ba zan ajiye aikina na yanzu ba sai izini ya fito.

Ka gode Allah kuma da abin ya faru bayan ka zama ɗan ƙasa. Ga masu karatu da ke riƙe da katin zama kawai, hukumar shige da fice ta bayyana tun 2019 cewa mu'amala da wiwi tana iya hana mutum zama ɗan ƙasa ko da jiharsa ta halatta. Wanda yake wannan hali ya ga lauyan shige da fice kafin ya amsa kowace tambaya.

Kada tambayar ƙwaya ta ɗauke maka hankali daga sauran shafukan. Ga ɗan Zariya, sassan da ke tambayar 'yan'uwa a ƙasar waje, kuɗin da kake aika wa Hajiya duk wata, gadon fili ko gida da Baba ya bari, fasfo ɗin Najeriya da tafiye-tafiyenka gida za su iya ɗaukar lokacin mai bincike fiye da alewar. Babu laifi a ko ɗaya, amma a rubuta su duka.

Saura abu guda da wasiƙarka ta yi shiru a kansa: barcin ya dawo? Ka daina alewar, amma ba ka ce mini makokin ya sauka ba. Idan har yanzu dare yana yi maka tsawo, ka ga likita ko mai ba da shawara kan damuwa. Mutanenmu da yawa suna gudun haka don tsoron zai ɓata musu takarda, alhali fom ɗin da kansa ya ce neman irin wannan taimako ba dalilin hana izini ba ne. In kuma ba ka samu zuwa Zariya ba tun rasuwar, ka sa ranar tafiya, ka tsaya a kan kabarin Baba ka yi masa addu'ar da ba ka samu yi ba a ranar, ka zauna da Hajiya ku yi kukanku tare. Ka rubuto mini bayan ka yi magana da uwargida, ina so in ji yadda kuka kwana.